Jar Kubewar Iya

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kuma ba yau na fara ji ba. Duk sanda kuka taru da salla, ko a wannan zauren naku na waya da ba ya rufuwa, sai wani ya tono zancen: wai Umma ta kori ɗanta na fari daga gida saboda kubewa. Ku yi ta dariya, Bilki har da riƙe ciki. To, ban ce ƙarya kuka shara gaba ɗaya ba. Kubewa dai tana cikin zancen, Yayanku kuma bai taɓa zama a gidan nan da iyalinsa ba. Amma abin da ke tsakani ba ku san shi ba, don a lokacin wasunku suna makarantar kwana, sauran kuma hankalinku yana kan ankon biki. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni wuri ɗaya, bari in ajiye muku shi a rubuce, kada in mutu ku bar ni da sunan tsohuwar da ta fi son miya a kan ɗanta.

Mahaifiyata, Iya, wadda ƙananan cikinku ba su san ta sosai ba, a wani ƙauye bayan Sahon Rami ta yi rayuwarta. Tana da wata kubewa ja, doguwa, mai ɗan gashi a jiki, wadda ta gada a wajen tata uwar. Ba ta saurin yin ƙarfi a jikin itacenta, kuma ko an busar da ita an daka, yauƙinta yana nan har damina ta zagayo. Kowace kaka Iya takan bar manyan su bushe a tsaye, ta ɓare, ta cuɗa irin da toka ta zuba a gora. Kafin ta toshe gorar kuwa sai ta yayyaga tsumma, ta ƙulla irin kaɗan-kaɗan, ta aika gidajen mutane. In kika yi mata godiya sai ta ɓata rai, ta ce ba kyauta ta ba ki ba, ajiya ce, ranar da nata ya lalace ƙofarki za ta ƙwanƙwasa. Zuwanta na ƙarshe Kontagora, da za ta hau mota, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ƙulli ɗaya. Na karɓa na jefa a kwalla, ban ma ɗauke shi a bakin komai ba, don a zatona Iya tana nan, gorarta tana nan.

Da bazarar shekarar Allah ya karɓi abarsa. Da muka je zaman makoki na shiga ɗakinta na sauko da gorar, na buɗe, sai gari da ƙwari. Ashe tun da ciwo ya kama ta ba wanda ya leƙa. Na bi gidajen da take aika wa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin sun rigaya gidan gaskiya, matasan kuma duk sun koma gajeriyar kubewar nan ta cikin leda, mai saurin haihuwa, wadda 'yan sari suke so. Wata ma dariya ta yi mini, ta ce wa zai tsaya jiran kubewar Iya a wannan zamani. Na dawo gida na zazzage kwalla na nemo ƙullin nan. Abin da ke ciki bai cika tafin hannuna ba, kuma shi ne kaɗai ya rage a duniya.

Ruwan farko na sauka na shuka rabi a bayan gida. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke, rijiyarmu ta ja baya, rana ta ƙone shi ƙurmus ina kallo. Sauran rabin na riƙe shi na ƙi sakin sa, har sai da damina ta zauna sosai, mutane sun yi noman farko, sannan na shuka a layin tsakiya inda ƙasar ta fi laushi. Wannan jinkirin shi ne asalin komai. Ta tashi, ta yi fure, ta yi 'ya'ya jajaye, ni kuwa ko ɗaya ban tsinka na sa a tukunya ba. Duk damina kubewar kasuwa muka sha, ga tamu tana reto a bayan ɗaki, babanku yana ta yi mini tsiya wai na shuka kubewar kallo.

A cikin wannan daminar aka sa ranar auren Yayanku da Rukayya, aka ce bayan kaka, in sanyi ya shigo. Babanku, Allah ya jiƙansa, tun Yayanku yana yaro yake da burin ya gina masa ɗaki ciki da falo a bayan gida, ya ga jikokinsa suna fitowa gaishe shi da safe. Gidan namu kun san shi, ba wani fili sai wannan lambun nawa. Ni ma ban ƙi ba, wallahi ban ƙi ba, wace uwa ce za ta ƙi ɗanta kusa da ita? Ruwa na ɗaukewa tifa ta juye yashi a ƙofar gida, aka jibge bulo, aka yi magana da Ɗanjuma birkila. Ran nan Malam, babanku, ya dawo daga kasuwa, ina tankaɗe a tsakar gida, ya tsaya a kaina.

"Hajara, jibi Ɗanjuma zai zo ya ja igiya. Ki kwashe abin da za ki kwashe a bayan gida."

"To, Malam. Komai zan kwashe, ban da layin tsakiya."

"Layin tsakiya kuma? Ai ta nan bango zai bi."

"To, bangon ya ɗan jira."

Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata, ya ce, "Ke dai kin cika rigima," ya shige ɗaki. A zatonsa kafin jibi zan sauko.

Washegari tun da sassafe na ɗaura zane na shiga lambu, na yi abin da nake yi kowace kaka, sai dai wannan karon da sauri, kuma da sanin cewa na ƙarshe ne. Na zage ganyen yakuwa na shanya a inuwa, na tsinke zoɓon na ware, 'ya'yan kuma na tara don daddawar batso. Na tuge rama, na ɗaure karan na jingine a bango. Barkono da tattasai na baza su a kan kwanon madafa, tumatirin da ya rage na yayyanka na shanya ya zama kauɗa. Kabewa na yanko su da ɗan wuyansu don kada su ruɓe, na mirgina su ƙarƙashin gado. Karkashi, gauta, alayyahun da ya tsufa ya yi kai, duk na bi na tsince. Busassun karare da ganye na tara gefe na cinna musu wuta, na kwashe tokar, don da ita zan adana iri, da ita kuma zan tace ruwan tokar miya. Kafin la'asar lambun da ya ciyar da ku tun kuna rarrafe ya zama fili fetal, bayana kamar zai ɓalle. Ba abin da ya rage a tsaye sai layin jar kubewa, a tsakiyar fili, daidai inda za a haƙa.

Ɗanjuma ya zo da igiyarsa da turakunsa da masu haƙa. Mutumin wajen Auna ne, Bakambare, Hausarsa da ɗan nauyi amma ba ya kwana-kwana. Ya ga na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna a bakin layin, ya gaishe ni, ya dubi Malam, Malam ya kau da kai. Sai ya matso ya nemi izini, ya tsinki guda ɗaya ya tsaga da farce. 'Ya'yan ciki farare tas, masu taushi, ya matse ɗaya ruwa ya fito.

"Mama, wannan bai yi ba," in ji shi. "In an cire yanzu, ko an shanya, ba zai tsiro ba. Sai ya bushe a jikin uwarsa, ya yi baƙi."

"Ka ji, Malam? Ba ni na faɗa ba."

"Amma Mama, ni ma ba zan iya jira ba. An ba ni ginin shaguna a Auna, in na tafi sai rani ya yi nisa. Yau ne ko a haƙura da ni."

Malam ya ce a tuge su da saiwarsu a mayar gefe. Na ce kubewar da ta kai ƙirjina ba a dasa ta, kafin azahar za ta langaɓe. Ya ce a bar mini guda biyu a gefe a haƙa sauran. Na ce in aka sare saiwa ta ko'ina, aka yi ta watsa siminti, me zai rage? Ya ce zai saya mini iri mudu guda a kasuwa. Nan ne raina ya ɓaci, na miƙe tsaye.

"Malam, tun da ka kawo ni gidan nan na taɓa tare maka hanya a kan wani abu? Ka sayar da gonar bakin rafi ban ce uffan ba. Wannan ba kubewa ba ce kawai, abin da ya rage mini na uwata ke nan. In za a haƙa yau, sai dai a fara da inda nake tsaye."

Masu haƙa suka sunkuyar da kai. Babanku mutum ne mai zafi, amma ba azzalumi ba ne. Ya dube ni, sannan ya ce wa Ɗanjuma ya naɗe igiyarsa, ya ba su na shan ruwa suka tafi. Ranar bai ci tuwona ba.

Da yamma Yayanku ya shigo. A nan ne nake so ku buɗe kunne, ku 'yan zamani da kuke rungumar 'ya'yanku na fari kuna kiran sunansu gatsal. Mu ba haka aka tashe mu ba. Ɗan fari akwai kunya tsakaninka da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, har yau kuma ba ku ji na kira ba. Ba mu zama mu yi doguwar hira, in magana ta kama, ta bakin babansa take bi ko ta bakin ƙannensa. Ya zo ya tsaya a bakin darni, ni ina ciki ina ɗaure kara, ban juyo ba.

"Umma, an ce an fasa aikin."

"Ba a fasa ba. An ɗaga."

"Zuwa yaushe?"

"Sai ta bushe."

Can ya ce, "Umma, an riga an sa rana. Iyayenta za su zo ganin ɗaki. Me zan ce musu? In ce kubewa muke jira?"

Abin da ke cikina a lokacin ya fi ƙarfin bakina. Ina so in ce masa wannan ita ce miyar da aka yaye shi da ita, Iya ce ta ɗura masa da yatsanta a ƙauye, ita ta goye shi da na yi ciwon nono. Amma yaya zan buɗe baki in yi wa ɗan fari irin wannan magana, har ya ga hawayena? Abin da ya fito kawai shi ne, "Ba irin kasuwa ba ne." Ya ce, "Shi ke nan, Umma, Allah ya huci zuciyarki," ya juya. Kafin mako ya zagayo ya kama ɗaki haya can ɗaya gefen gari. Malam ya ce zai nemo wani magini da zarar na kwashe, Yayanku ya aiko Bilki ta ce a bar shi, ya riga ya biya, kada a takura wa Umma da lambunta. Wannan kalma ta "lambunta" ta soke ni, har yau ina jin ta.

Da an ce na janye a lokacin, wataƙila da ya dawo. Ban janye ba. Mutane sun gama girbi sun saki awaki, kun san kuwa akuyar kaka ba abin da take bari. Na sayo sabon kara na sake darnin gaba ɗaya, na toshe ƙasansa da ƙaya. Ana ta hidimar biki, ana dakan fura, ana kai lefe, ni rabin hankalina yana bayan gida. Sanyi ya fara shigowa, na fito muku da barguna na shanya, na sa aka tara itace a madafa, na narka man kaɗe don faso, na lulluɓe akurkin kaji da buhu. Ita kuwa kubewar ganyenta ya zube, jan ya koma ruwan ƙasa, ta tsaya tsirara a fili. Kullum da safe sai in kaɗa ɗaya a kunnena in ji. Wata safiya na kaɗa na ji ƙara, kacau-kacau, na duba na ga bakinta ya tsage. Na ɓare a tafin hannuna, ga su nan baƙaƙe, masu tauri, cif-cif. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Iya.

Na yanke su duka, na ɓare a faifai, na cuɗa da toka na zuba a gora, na rataye a madafa inda hayaƙi yake bugu. Kafin in toshe na yayyaga tsohon zane na yi ƙulle-ƙulle, yadda ta saba. Na kai wa maƙwabta, na aika ƙauye. Bayan biki da 'yan kwanaki na shirya ƙwarya, daddawa da kuka da kauɗa, na sa ƙulli ɗaya a kai na tafi ganin ɗakin amarya. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gidan shafe da siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. Rukayya ta durƙusa ta gaishe ni, ta buɗe ƙwaryar, ta ɗaga ƙullin tana juyawa.

"Umma, wannan fa?"

"Abin da ya hana ki ɗaki ne. Na ce gara ki gan shi da idonki."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce ta gode. Na ce ba a godiya, ajiya ce. A raina kuwa na ce yarinyar nan 'yar boko, ina fita za ta watsa shi a kwandon shara, kuma ba zan ga laifinta ba.

Kada ku ce abin bai ci mini komai ba. Ya ci. Bulon nan ya yi shekaru a jibge har ya yi gansakuka, daga baya aka gyara makewayi da shi. Yayanku daga haya ya sayi fili ya yi nasa ginin, 'ya'yansa duk a can aka haife su. Babanku ya rasu bai samu abin da ya yi buri ba, jika ya turo ƙofa da safe ya ce ina kwana. Sau ɗaya ya taɓa yi mini gori, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, ya ce, "Hajara, kin ga gidan shiru." Gaskiya ya faɗa. Yayanku kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai fasa zuwa gaisuwar Juma'a ba, bai rage ni da komai ba. Amma tun daga shekarar, in ya tarar miyar kubewa aka yi a gidan nan, sai ya ce ya ƙoshi. Ina lura, ina haɗiyewa. Duk da haka kowace damina na shuka, kowace kaka na ɓare na rarraba, kuma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Sai bara waccan, da ƙafar nan ta kayar da ni, Bilki ta ɗauke ni zuwa gidanta a Minna na yi watanni. Ina can iskar farkon damina ta yaye kwanon madafa, ruwa ya shiga gorar ya kwanta. Da na dawo na sa aka sauko da ita, na zazzage, sai wani baƙin curi mai wari. Na aika maƙwabta. Wadda ta tashi ta tashi, wadda ta cinye nata a miya ta cinye, wata ta ce jikokinta sun yi wasa da shi. Ƙauye kuwa ba wanda ya kula tun farko. Na ce shi ke nan, Iya, na riƙe iya ƙarfina. Kwana biyu abinci ba ya shiga, ban gaya wa kowa dalili ba, amma kun san bakin Bilki ba ya ajiya.

Da hantsi ina zaune a tabarma na ji a-daidaita ta tsaya a ƙofar gida. Sai ga Rukayya da sallama, ta durƙusa, ta buɗe jaka ta ajiye mini wata kwalba a gabana, cike da iri cuɗe da toka. Na zuba a hannu. Ba sai an gaya mini ba, na san 'ya'yan Iya in na gan su.

"Ke, ina kika samo wannan?"

"Ajiyarki ce, Umma. Kin ce ba kyauta ba ce."

"A wannan simintin kika shuka?"

"A buhu muka fara, da tsofaffin bokitai. Da muka koma gidanmu aka bar mata wuri a bayan ɗaki." Ta yi ƙasa da murya tana murmushi. "Ni fa Umma, miya kawai nake yi. Shi ne ya tsinci ƙullin a kan taga tun muna amarci, shi ya riƙa ɗebo ƙasa a babur. In kaka ta yi, ba mai taɓa na iri, ko yaran nan ya gani a wajen sai ya kore su. Da aka zo ginin gidanmu ma, ya riga ya shuka a filin, sai da ya sa magini ya jira ta bushe."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ja mayafi na rufe fuskata, don ba na son surukata ta ga abin da idona yake yi.

Da Juma'a Yayanku ya zo gaisuwa kamar kullum, ya zauna a bakin ƙofa, ni ina kallon bango. Na riga na sa an yi tuwon dawa da miyar busasshiyar kubewa, daga garin da Rukayya ta haɗo mini da shi. Aka ajiye masa. Ina ji ya buɗe kwanon, sannan na ji ya jawo ruwan wanke hannu. Sai da ya kusa cinyewa na yi magana, ban juyo ba.

"An ce wani yana noman kubewa a bayan ɗaki."

Ya haɗiye lomar da ke bakinsa. Can ya ce, "Tana da yauƙi ne, Umma."

"Tana da shi," na ce.

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan, ni da shi, kuma ta ishe ni. Ya suɗe kwanon, ya ce a ƙaro.

To, kun ji yadda aka yi. Ku ci gaba da dariyarku in kun ga dama, ni ba ta dame ni ba. Filin bayan gida yana nan, bana ma jikoki sun shuka mini ina daga kujera ina nuna musu da sanda. In na tafi ku gina abin da kuke so a wurin, shago ko ɗakin haya, ba zan taso in hana ku ba. Amma in kun zo kun tarar da ita a tsaye, ku kaɗa ɗaya a kunne tukuna. In ba ku ji ƙara ba, ku ce wa magini ya naɗe igiyarsa. In kuma kun rasa mai tsaya muku a kan haka, ku kira Yayanku.